Da wane baki dabba mai tan 70 take cika cikinta da ganye?

Dillalin Shanu, Maraɗi

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masu ilimin dabbobi da ke wannan zaure, kuma ina roƙon a amsa mini da Hausar da mutumin kara zai gane.

Sana'ata shanu ce. Tun ina saurayi nake bin kasuwanni tsakanin Dakoro da Maraɗi da Jibiya. In na ɗora ido a kan sa, na zagaya shi, na taɓa ƙirjinsa da gindin wutsiyarsa, zan faɗa maka naman da zai bayar, kuma da wuya mahauci ya ƙaryata ni. Na kuma san abin da sa yake ci, domin daga aljihuna kuɗin harawa yake fita.

Kwanan baya ɗana da ke karatu a Yamai ya kai ni gidan tarihi na Bubu Hama, inda aka ajiye ƙasusuwan dainoso, wato wasu dabbobi da suka rayu tun zamanin da can suka ƙare, waɗanda aka tono a ƙasar Agadas. Na daɗe tsaye ina kallo. Sai yaron ya ce ai waɗannan ba su ne manyan ba. Ya buɗe waya ya nuna mini hoton wani mutum kwance kusa da ƙashin cinya guda ɗaya, ƙashin ya fi shi tsawo. Ya ce a Ajantina aka same shi, kuma a cikin masu dogon wuyan nan akwai wanda tsawonsa ya haura mita 30, nauyinsa wajen tan 70, kuma ganye kaɗai yake ci.

Ƙashin dai na yarda da shi, gani ya kori ji. Maganar cikin ce ta tsaya mini a rai. Bijimi mai kilo 400 yini yake yi da kai a ƙasa, in dare ya yi ya kwanta ya hau tuƙa har asuba. In rani ya tsananta, harawar wake da karan dawa da dusa da nake zuba masa ba su hana haƙarƙarinsa fitowa. Tan 70 kuwa bijimai 175 ke nan. Na duba hoton dabbar da kyau, kanta ɗan ƙarami ne can a ƙarshen wuya. To da wannan ɗan bakin za ta ci abincin garke guda? Yaushe za ta tauna? Yini da dare awa 24 ne gare ta kamar kowa.

Tambayoyina uku ne. Ta yaya take ƙoshi? Me ya sa yau babu dabbar tudu da ta kai ko kusa da ita, giwa ma ta tsaya a wajen tan 6? Sannan wa ya aza ta a ma'auni har ya ce tan 70, alhali ƙashi kawai ya tarar?

Ɗan Sabon Gari

Wa alaikumus salam Baba. Ni abin da na taɓa ji shi ne, a wancan zamanin iskar shaƙa ta fi ta yanzu yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa komai ya zama ƙato, itatuwa da dabbobi da ƙwari. Wasu ma suna cewa zamanin Samudawa ne, mutanen lokacin su ma haka suke. Allah shi ne masani.

Likitar Dabbobi, Zariya

Wa alaikumus salam Alhaji, barka da ƙoƙari. Lissafin da ka yi daidai ne, amma ga dabbar da take tauna. Waɗannan masu dogon wuyan, da ake kira soropod, ba sa tauna ko kaɗan, kuma kusan duk sirrin girmansu daga nan ya faro.

Kafin nan, ƙanena Ɗan Sabon Gari, maganar iska ba ta tsaya da ƙafarta ba. Dabbobin nan sun yi fiye da shekara miliyan 100 suna manya, kuma a tsawon wannan lokaci iskar shaƙa ta yi ta hawa da sauka ba tare da girmansu ya bi ta ba. A ƙarƙashin iskar guda akwai dainoso da bai fi kaza ba, masu shayarwa na lokacin kuma yawancinsu kamar ɓera suke. Maganar Samudawa ta malamai ce, su za a tambaya. Abin da duwatsu suka nuna shi ne dainoso irin waɗannan sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma ba a taɓa samun ƙashin ɗan Adam a shimfiɗar dutsen da ƙasusuwansu suke ba.

Yanzu Alhaji, ka fi ni sanin bakin sa. A can ciki akwai turame masu faɗi, ga muƙamuƙi mai kauri, ga naman kunci mai ƙarfi da ke juya shi. Duk dabbar da za ta niƙa ganye a baki dole ta ɗauki wannan kaya a kanta, kuma iya girmanta iya girman kayan. Dubi giwa. Kanta ya yi nauyin da wuyanta ya gajarce, sai da hanci take ɗauko abinci. Tana kuma shafe awa 16 ko fiye a yini tana ci. Wato giwa ta kusa cinye lokacin da Allah ya ba ta. Da za a ninka jikinta sau goma, yinin ba zai ishe ta tauna ba.

Soropod haƙoransa duk a gaban baki suke, wasu sirara kamar fensir, wasu masu faɗin kai kamar cokali. Babu turmi ko ɗaya. Aikinsu su tsinko ganye, sai haɗiya. Ya tsinka ya haɗiye, ya tsinka ya haɗiye, babu tsayawa. Ɗan bakin da ka raina yana iya tura ganye cikin awa ɗaya fiye da yadda baki mai tauna zai yi, domin ba ya jiran komai. Da yake kuma babu kayan niƙa, kan ya zama marar nauyi, kai marar nauyi kuwa shi ake iya ɗorawa a kan dogon wuya. Raƙumin dawan da kuke da shi a Kure, gaɓoɓin ƙashin wuyansa 7 ne, daidai da na saniya da na mutum. Akwai soropod na ƙasar Sin mai suna Mamenchisaurus da nasa suka kai 19, kuma an ƙiyasta wuyan babbansu da wajen mita 15. Ka tuna yadda shanunka suke zubar da ƙiba a wajen tafiyar neman ciyawa. Wannan dabba tsayawa take yi wuri ɗaya, ta share sama da ƙasa, dama da hagu, ta cinye abin da ke kewaye da ita kafin ta ɗaga ƙafa ɗaya.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta 'yan'uwansu. Akwai wasu dainoso masu cin ganye da suke tauna sosai, irin su Triceratops mai ƙaho uku da kuma masu baki kamar na agwagwa. Zamani ɗaya, iska ɗaya, ganye ɗaya. Amma mafi girma a cikin masu taunar, Shantungosaurus na ƙasar Sin, a wajen tan 15 ya tsaya. Bayan ƙarewar dainoso ma, wani ƙaton dangin karkanda marar ƙaho da ya rayu a Asiya, Paraceratherium, yana cikin mafi girman masu shayarwa da suka taɓa taka ƙasa, shi ma tsakanin tan 15 da 20 ake ƙiyasta shi. Duk mai tauna a nan kusa yake cijewa. Waɗanda suka bar tauna ne kawai suka zarce.

Akwai kuma gyara ɗaya a lissafin bijimai 175. Iya girman dabba iya raguwar abin da kowane kilo na jikinta yake buƙata. Kai ma ka san akuya tana cin abin da ya fi na saniya in aka gwada da jikinta. In aka bi ƙa'idar da muke aiki da ita wajen tsara abincin dabbobi, dabba mai tan 70, ko da jikinta yana ƙona abinci irin na shanu, abincin bijimai kamar 50 zai riƙe ta. Wajen rabin tan ke nan na busasshen ganye a yini. Yana da yawa, amma baki marar tauna zai iya.

Abu na ƙarshe a yanzu shi ne numfashi. In ana fiɗar kaza ko zabo, ka leƙa ciki kafin a ciro kayan ciki. Huhun yana manne da haƙarƙari, kuma akwai wasu jakunkuna na iska, farare sirara, da suke fashewa da an taɓa su. Jakunkunan nan suna kutsawa har cikin ƙashin tsuntsu. Ƙashin wuya da na bayan soropod haka yake, cike da ramuka da kogunan iska. A yawancinsu fiye da rabin gaɓar ƙashin iska ce, a wasu ma ta kusa kashi 90 cikin 100. Wannan ya rage nauyin wuyan, ya sa iska tana ratsa huhu ta hanya ɗaya kamar na tsuntsu duk da tsawon maƙogwaro, ya kuma taimaka wajen fitar da zafin jiki. Wata tawagar masana a Jamus ƙarƙashin Martin Sander na jami'ar Bonn ce ta haɗa waɗannan dalilai wuri guda a wani dogon bayani da suka fitar a 2011.

Direban Tenere, Agadas

Sallama gare ku. Alhaji na Maraɗi, ƙasusuwan da ka gani daga wajenmu suka fito, don haka bari in sa baki.

Na yi shekaru ina tuƙa mota a dajin nan, kuma na ga ƙasusuwan a inda suke kwance. Wanda bai sani ba zai wuce su yana zaton duwatsu ne. Sai ka sauka ka duba za ka ga gaɓoɓin ƙashin baya a jere, ɗaya bayan ɗaya, iska ta kwashe yashin da ya rufe su. In ka ɗaga guda za ka ji nauyin dutse, domin dutsen ya zama. Kusa da su wani lokaci akwai kututturan itatuwa, su ma sun zama dutse, har zanen ɓawon yana nan. Wurin da yau ba ka samun inuwar da za ka fake, a da koguna ne da dazuzzuka. Ƙaton kadan nan Sarcosuchus da ke gidan tarihin Yamai, mai kan da ya kusa tsawon mutum, a cikin waɗannan koguna ya rayu.

Wurare biyu aka fi sani. Akwai Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas a bakin Tenere. Faransawa masu neman yuraniyom suka ci karo da ƙasusuwa a can, sai wani masani Philippe Taquet ya je a 1965. Shi ya ba Ouranosaurus suna a 1976, wanda ke da dogayen ƙasusuwa a tsaye a gadon bayansa. Ina kyautata zaton ka gan shi a Yamai. Mai cin ganye ne amma ba ya cikin masu dogon wuya, tsawonsa mita 7 zuwa 8. Sai kuma wajen Ingal, ƙarƙashin tsaunin Tigidit, inda makiyaya ke taruwa shan gishiri bayan damina. A nan tawagar Ba'amurke Paul Sereno ta tono Jobaria a 1997. Abzinawan wurin sun daɗe da sanin ƙasusuwan, suna danganta su da wata dabba ta tatsuniya mai suna Jobar, daga nan sunan ya fito. Tsawonsa wajen mita 18, nauyinsa wajen tan 20, kuma an samu kusan dukkan ƙasusuwan jikinsa, abin da ba kasafai yake faruwa ba. A wajen Adarbisinat, kan hanyar Damagaram, an tono wani mai suna Spinophorosaurus, aka bayyana shi a 2009.

Amma wanda na fi so a yi maganarsa shi ne Nigersaurus, domin ya nuna ba duka ne ƙatti ba. Dangin masu dogon wuya ne, amma mita 9 kawai, nauyinsa bai wuce na giwa ba. A Gadufawa aka same shi, Sereno ya raɗa masa suna a 1999, ya haɗa da sunan Taquet don girmamawa. Bakinsa shimfiɗaɗɗe ne, ya fi sauran kan faɗi, haƙoran a jere a layi ɗaya a gaba. In aka haɗa na waje da waɗanda ke jira a bayansu, sun haura 500. Kowane haƙori mako biyu yake yi ya zube, wani ya maye gurbinsa, saboda a ƙasa yake kiwo, yana haɗawa da yashi. Likita ta ce aikin haƙoransu tsinka ne kawai, to wannan shi ne gwanin tsinka.

Manyan na Afirka suna wasu wurare. Giraffatitan da Jamusawa suka tono a Tendaguru ta Tanzaniya kafin yaƙin duniya na ɗaya yana tsaye a gidan tarihi na Berlin, kansa ya haura mita 13 daga ƙasa. A Masar ma an samu Paralititan, ƙashin damtsensa kaɗai mita 1.69.

Abin da ke damuna shi ne yaron Agadas da Ingal ya fi sanin waɗannan dabbobi a waya fiye da a ido, alhali a ƙasar kakanninsa suke kwance. Ina fatan in ga ranar da za a tsayar da Jobaria cikakke a garin nan, 'yan makaranta su shiga ƙarƙashin haƙarƙarinsa su ɗaga kai.

Dillalin Shanu, Maraɗi

Allah ya saka muku da alheri. Likita, maganar tauna ta shige ni. Tsohuwar saniya in turamenta suka cinye, ko ka cika mata kwami ramewa take yi, shi ya sa bakin dabba muke fara buɗewa kafin a yi ciniki. Ashe akwai wadda aka halitta haƙorinta ba ya tsufa. Malam Direba, na gode da wannan.

Sai dai ina da ja a wuri ɗaya. Sa in ya yi haɗama ya haɗiye ɗanyen ganye da yawa, cikinsa kumbura yake yi, in ba a yi sauri ba a rasa shi. Na ga wannan da idona a farkon damina. Dabbar da take haɗiye rabin tan ba tauna, me ya hana ta kumburi? Kuma ganyen da ba a niƙa ba, ta yaya jiki zai ci amfaninsa?

Har yanzu kuma ina jiran wanda zai faɗa mini wa ya auna.

Ɗalibin Ilimin Duwatsu, Jos

Baba, barka da yamma. Bari in ɗauki maganar awo, in bar wa Anti Likita maganar ciki.

Babu wanda ya auna, ƙiyasi ne, kuma hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ta yi kama da abin da ma'aikatan dabbobi suke yi in babu sikeli, su zagaya ƙirjin sa da tef su karanta kilo. A nan ƙashin ƙafa ake zagayawa. Ƙafa ce take ɗauke da jiki, don haka kaurin ƙashinta yana tafiya da nauyin da ke kanta. Masana sun auna kaurin ƙashin cinya da na damtse na dabbobi masu ƙafa huɗu da aka san nauyinsu, daga ƙanana har giwa, suka ga lissafin yana bin layi ɗaya. Sai a auna na dainoso a ɗora a kan layin. Matsalar ita ce layin a giwa ya ƙare, kuma ana miƙa shi zuwa dabbar da ta ninka giwa sau goma.

Hanya ta biyu, a jera ƙasusuwan, a lulluɓe su da nama a kwamfuta, a lissafa girman jikin, a cire gurbin huhu da jakunkunan iska, sannan a fitar da nauyi. A da da ɗan mutum-mutumi ake yi. A 1962 wani masani Edwin Colbert ya auna irin waɗannan 'yan gumaka da yashi, ya ba dabbar Berlin ɗin nan tan 78. A 1980 wasu suka bi ta ƙashin ƙafa suka ce tan 15. Yau yawanci ana sa ta tsakanin tan 30 da 40. Dabba ɗaya ce fa, ƙasusuwanta ba su canja ba.

Haka aka yi da Dreadnoughtus na Ajantina. Da aka bayyana shi a 2014 an ce tan 59, shekara ɗaya bayan nan wasu suka sake lissafi ta hanya ta biyu suka sauko da shi ƙasa da tan 40. Hoton da ɗanka ya nuna maka kuwa, ina jin na Patagotitan ne, wanda aka tono a lardin Chubut. Ƙashin cinyarsa ya kusa mita 2.4, kuma an samu ƙasusuwan aƙalla guda shida a wuri ɗaya. A 2017 an ce tan 69 da mita 37, daga baya aka rage zuwa wajen tan 57.

Wanda aka fi ba kambun girma shi ne Argentinosaurus. Wani manomi mai suna Guillermo Heredia ya ga ƙashin a gonarsa kusa da Plaza Huincul a 1987, ya zaci kututturen itace ne da ya zama dutse. José Bonaparte da Rodolfo Coria suka bayyana shi a 1993. Abin da aka samu kaɗan ne, 'yan gaɓoɓin ƙashin baya, haƙarƙari, wani ɓangare na ƙugu da ƙashin ƙwauri. Amma gaɓa ɗaya ta ƙashin bayan ta kai mita ɗaya da rabi a tsaye. Daga nan aka gwada da danginsa da aka samu cikakku, aka ce mita 30 zuwa 35, tan 65 zuwa 80.

Shawarata Baba, in ka ji adadi guda ɗaya cif, ka ɗauke shi kamar kuɗin da mai dabba ya fara yankawa. Amma ko an bi mafi ƙarancin ƙiyasi, manyansu sun haura tan 50, kuma babu wata dabbar tudu da ta taɓa kusantar haka. A ruwa ne kawai aka fi su, inda babbar dabbar tekun nan bulu wel take haura tan 150, ita kuwa ruwa ke ɗauke mata nauyi.

Likitar Dabbobi, Zariya

Alhaji, jan da ka yi yana kan hanya. Kumburin da kake gani a farkon damina yakan zo ne in sabon ganye mai laushi, musamman dangin wake, ya yi kumfa a tumbi, iskar ta kasa fita ta gyatsa. Saurin ruɓewar ganyen ne yake kawo shi. Abincin soropod akasin haka ne, ganye mai tauri na itatuwa dangin fain, da tsire-tsiren bakin ruwa, abin da yake narkewa sannu a hankali. Filayen ciyawa irin namu ba su ma bayyana ba a lokacin.

Yadda jiki ke cin amfaninsa kuwa, lokaci ne yake yin aikin da turmi zai yi. Ƙananan halittun da ke tumbin saniya su ne suke narka ganye, tauna tana gaggauta musu aiki ne kawai. In ciki ya yi girman da abinci zai kwana da kwanaki a ciki, za su gama aikinsu ko ba a niƙa musu ba. Kunkuru haka yake yi, ya gatsa ya haɗiye, ya bar ciki da aikinsa. Dubi faɗin haƙarƙarin waɗannan dabbobi za ka ga wurin ajiyar. A da an zaci duwatsu suke haɗiya su niƙa abinci a ƙundu kamar jimina. Sai aka gwada da jiminu a Jamus, aka ga duwatsun ƙundunsu sun kai kashi 1 cikin 100 na nauyin jikinsu, alhali 'yan duwatsun da ake samu tare da ƙasusuwan soropod ba su kai ko kusa da haka ba. A 2025 kuma aka bayyana wani Diamantinasaurus daga Ostareliya da abincin cikinsa ya zama dutse tare da shi. An ga ganyen a gatse, ba a tauna shi ba.

Saura tambayarka ta biyu, me ya sa babu irinsu yau. Rabin amsar tauna ce, rabin kuma haihuwa. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, ta haifi ɗa ɗaya, ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake. Iya girman mai shayarwa iya jinkirin haihuwarta. Ka san abin da fari yake yi wa garke, da kuma shekarun da ake ɗauka kafin a mayar da shanun da aka rasa. Dabbar da ta ninka giwa, mai haihuwar ɗa ɗaya bayan shekaru, fari biyu a jere zai share irinta.

Soropod ƙwai yake yi, kuma da yawa. A wani wuri da ake kira Auca Mahuevo a Ajantina, a 1997 an tarar da dubban ƙwai a fili guda, kowane gurbi da ƙwai goma sha wani abu zuwa talatin da wani abu, kowane ƙwai faɗinsa bai wuce santimita 15 ba. A cikin wasu har an ga ƙasusuwan 'ya'yan da fatarsu. Uwa mai tan da yawa, ɗanta yana fitowa da nauyin jaririn mutum. Yawancinsu masu cin nama suke cinyewa, amma in bala'i ya kashe manya, 'yan kaɗan da suka rage za su sake cika daji cikin ƙanƙanin lokaci.

Suna kuma girma da sauri ƙwarai. An samu ƙasusuwan wani jariri na Rapetosaurus a Madagaska, aka yanka ƙashin aka duba da madubin likita. An ƙiyasta ya fito daga ƙwai da kilo 3 da ɗan kai, ya kai wajen kilo 40 kafin ya cika wata uku, kuma ƙirar ƙafafunsa ta nuna da kansa yake kiwo tun daga farko. Ƙashin manyan yana da zobba irin na kututturen itace, kuma ƙirgensu ya nuna cikin shekara 20 zuwa 40 suke kai cikakken girmansu.